Igiya Biyu da Tsohuwar Taya

La'asar sakaliya iskar Jabi ta ɗauke cak,
ko ganyen darbejiya bai motsa ba.
Balbelu sun bar bakin tafki ba wanda ya kore su,
masu gasa kifi na ta haɗa komatsai.
Can ta kan Katampe gari ya haɗe rai,
baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.

Ni Cindo, ɗan Sarkawan Yawuri,
wanda aka binne cibiyarsa a gefen Kwara,
yau ni ke gadin jirgin da ba nawa ba,
farin jirgi mai tafiya da ƙyalle,
wanda ko tarwaɗa ɗaya bai taɓa ɗaukowa ba.

Da ƙyallen na fara.
Na sauke shi, na naɗe kamar tabarma bayan baƙi sun watse,
don abin da ke tafiyar da shi ran lafiya
shi zai kifar da shi yau.
Sandar tsakiya ta tsaya tsirara, tana kallon Allah.

Na cire matuƙi, na kai ɗaki.
Na kwashe ruwan ciki da yankakkiyar jarka,
sau arba'in da ɗaya, na ƙirga.
Tsofaffin tayu uku da na roƙo wurin mai faci a Utako
na rataya su tsakaninsa da siminti,
su sha dukan a madadinsa.

Sai igiya.
Ɗaya a goshi, ɗaya a gindi,
na ja har tafin hannuna ya yi ja.

Nan wayata ta yi kuka.
Injiniya Maikano ne, mai jirgin,
wata takwas ke nan bai tako nan ba
tun da ɓarin jikinsa ya daina jin maganarsa.
Harshensa na jan ƙafa, kalma ɗaya sai ta huta:
"Cindo... kar ka... matse shi."
Na ji muryar 'yarsa Asabe tana cewa ya kwanta.
Layi ya yanke.

Kunya ta kama ni.
Abin da Baba ya faɗa min ina ɗan shekara tara
ranar da igiyarmu ta tsinke a Zamare:
ruwa zai tashi, ka bar wa jirgi wurin tashi.
Wanda aka ɗaure tamau
shi ke fara karya haƙarƙari.

Na koma na sassauta, kamu ɗaya da rabi.

Ɗigon farko ya faɗo min a ƙeya, mai nauyi kamar ƙwandala.
Iska ta biyo baya da ledoji da hular wani,
allon talla na kan titi ya durƙusa,
wuta ta ɗauke har Gwarimpa.
Daga ƙofar ɗakin gadi, duk sanda aka yi walƙiya,
ina hango shi: ya tashi, ya sunkuya, ya tashi,
igiya na miƙewa, tana dawowa,
tayu na gurnani.

Da asuba ruwa ya kawo har matakala ta uku.
Jirgin maƙwabci, mai inji biyu, hancinsa kawai ke waje.
Namu ya ƙuje a kafaɗar hagu, tsawon ɗan yatsa,
ga wani kwaɗo zaune a kujerar Injiniya
kamar shi ya biya kuɗin.

Ban kore shi ba.
Na ɗauki hotonsu, na tura wa Asabe,
na ɗauko jarka.