Mai Riƙon Eriya

A teburin shayin Sallau, bakin Dilimi,
inda tururin butoci ke kokawa da warin baƙin mai,
gardama ta riga ruwa tafasa.
Wai an sake yin wasan nan na daren Laraba,
da sababbin fuskoki, da hoto daga sama kamar idon shirwa.

Barau bakanike ya ce an ɓata goma, ɗaya ba ta gyaru ba.
"Mugun da, in ya yi gyaran murya
kaza ma sai ta nemi akurki.
Na yanzu fa? Gemu kamar an zana da biro,
agogo ya fi hannunsa nauyi.
Ko ɗan yaye ba zai razana ba."

Davou ya hura kofinsa. "Faɗi gaskiya dai.
Mugun naka gashin bakinsa ya taɓa faɗawa miya,
ya tsamo, ya manna, ya ci gaba da yi wa alƙali ƙarya.
Ƙofar attajirin kwali ce,
in an buga ta, gidan duka sai ya yi rawa."
"Ai nan daɗin yake!" in ji Barau.

Ladidi mai ƙosai ba ta ko waiwayo ba:
"Ni 'yan Indiyan da nake kewa.
A harbi mutum da la'asar,
ya yi ta waƙa a cinyar uwarsa har magariba.
Yanzu mutuwa ma sauri take,
ba a jira ka lalubo bakin zane."

Aka bi ta kan kaboyi,
da 'yan Cana masu hawa rufi ba tsani,
da benci mai kuɗin cizo a silima, sule biyu.
Can Barau ya ce, "Inuwa, ka yi shiru.
Tsoho ko sabo?"

Na juya cokali.

Akwatinmu mai ƙofa ne, mai makulli,
a falon Kawu Tanko, can Gangare.
Yara a tabarma, manya a kushin,
ni a waje.
Ni ne dogo, ni ne mara musu,
ni ake turawa gindin gorar eriya.

"Juya! Kaɗan! Ya wuce, dawo!
Yawwa, nan! Kada ka motsa!"

Sai in tsaya.
Sanyin Jos na cin kunnena, gora na cin tafina.
In na sosa ƙeya, allo ya cika da yashi,
ihu ya biyo ni ta taga.

Shekara uku ina jin wasan, ban gan shi ba.
Na san takun mugun, na san tarinsa,
na san dariyar Goggo Asabe mai zuwa bayan ta kowa,
da shirun da ke sauka in asiri zai tonu.
Fuskoki kuwa ni na ƙera abina:
mugun na ba shi hancin hedimastanmu,
yarinyar na ara mata idon wata mai tumatir a Farin Gada
wadda har yau ba ta san ta yi fim ba.

Shekaranjiya jikata ta miƙo waya,
ga tsohon, ga sabon, duk an ɗora.
Na kalli sabon har ƙarshe. Ba laifi.
Na danna tsohon.
Ashe mugun ɗan tsurut ne, hula ta fi ƙarfin kansa,
kuma hancin ba shi ba ne.
Na kife wayar a cinya, na bar murya kawai.
Sai ga shi ya dawo, da takunsa, da tarinsa,
sai ga hannuna a dunƙule
yana riƙe da gorar da babu.

"Sabon ya fi haske," na ce.
"Tsohon fa?"
"Tsohon ya fi sanyi."

Barau ya ce wannan ba amsa ba ce.
Sallau ya ƙara mini ruwan zafi.