Asabar Ɗaya, Filaye Biyu

Saƙo biyu suka iske ni a Agege rana guda,
ɗaya ta waya, ɗaya daga bakin Koci Fagbemi da kansa.
Na wayar ya ce: Sallau Ɗantanko, zo Abuja ran Asabar,
masu zaɓen 'yan kurket na ƙasa za su zauna a rumfa
su ga yadda kake jifa.
Koci ya ce: Asabar ɗin nan ce wasan ƙarshe na kofi,
filin Tafawa Balewa, ƙarfe goma.
Ya faɗa yana kallon takalminsa.

Wa ya tsara kalandar nan?
Wani a ofis mai sanyi, da biro da kofin shayi,
ya ɗora Asabar kan Asabar
kamar buhunan albasa a Mil Sha Biyu,
bai tambayi na ƙasa ko ya ji nauyi ba.

Shekara tara ina hawa danfo da asuba,
Agege zuwa Oshodi, Oshodi zuwa Obalende,
jaka a cinya, kwandasta na mita ta tare masa hanya.
Baba yana kiran wasan nan jifan sanduna uku:
"Ƙato da kai, ka sa fari kamar mai zuwa Idi,
ka dawo da jan tabo a wando."
Amma shi ya sai mini takalmin ƙusa na farko a Yaba,
gwanjo, na hagu ya fi na dama girma.

Mu goma sha ɗaya ne cif, benci babu kowa.
Uzoma ya riga ya yanki tikitin motar dare.
Ban ga laifinsa ba,
rigar kore da fari ba ta sallama sau biyu a ƙofa ɗaya.
In na bi shi, saura tara,
kuma tara ba sa tsare filin da zai ishi garke kiwo.
An ce taura biyu ba ta taunuwa.
Ni ban ce zan tauna biyu ba,
cusa mini su aka yi.

Daren Juma'a Kande ta goge farin wandon da dutsen gawayi,
ta tambaye ni: a jaka zan sa, ko a ƙusa zan rataya?
Janareton maƙwabta ya yi ta amsa mata a madadina.
Can na ce: rataya.

Asabar ta zo da hadari daga bakin teku.
Jifa huɗu na yi.
Na uku ya tumɓuke sandar tsakiya, ta yi adungure,
ba wanda ya gani sai mu da mai sayar da gala.
Na biyar yana hannuna sama ta ɓalle.
Muka ja tampol, muka koma rumfa,
alƙali ya fita da lema sau uku yana taka ciyawa
kamar mai neman allura.
La'asar ya girgiza kai.

A nan, da jiƙaƙƙen safa, na ga sunayen a waya.
Goma sha biyar.
Na karanta daga sama, na karanta daga ƙasa.
Uzoma na tara. Na tura masa barka, da gaske nake.

Litinin saƙo biyu suka sake zuwa.
Abuja ta ce an buɗe ƙofa ga waɗanda ba su samu zuwa ba,
Asabar mai zuwa.
Koci ya ce an ɗage wasan kofi.
Ban tambaye shi zuwa yaushe ba.
Yana kallon takalminsa.

Kande na tsaye da wandon a hannu,
gawayin bai gama ja ba.