Girar Hagu

Kawuna Mumuni ya mutu sau tara a fim,
sau ɗaya tak a Asawase.
A na ƙarshen ne kawai bai tashi ya kaɗe rigarsa ba.

Ɗan tela ne a bayan Alaba, shi ke kai ɗinki.
Wata Laraba ya kai wando gidan wani lauya,
ya tsaya bakin taga yana jiran kuɗi,
talabijin na kunne, baƙi da fari.
A ciki ga wani Baturen Ingila mai dogon hanci,
ba shi ne jarumin ba,
shi ne mai kawo shayi.
Ya shigo, ya dire faranti,
ya ɗaga gira guda, ya fita.
Lauya ya yi dariya har ya ƙware.
Kawu bai ji ko kalma ta Turanci ba,
girar ya ji.
Ya koma gida, ya manta kuɗin wando.

Wata uku yana gaban madubin shagon ubansa,
yana koya wa girar hagu tashi ita kaɗai,
har maƙwabta suka ce a nemo masa rubutu.

Daga nan sai bayan motar 'yan wasa,
Obuwasi, Konongo, Ejura,
kwana kan benci,
ladan dare dokunu biyu da kan kifi.
Da fim ya sauka Kumasi suka dube shi suka ce,
ga ɗan Zango, a ba shi ƙofa.

Mai gadi. Mai gadi. Mai tsire. Mai gadi.
Sau arba'in yana buɗe ƙofar gidan da ba nasa ba,
da tocila marar batir,
da hular sanyi a tsakiyar zafin Maris.
Suka ce ya riƙa karya Tiwi,
shi da aka yanke wa cibi a garin nan,
shi da ke gyara wa darakta karin magana.
Ya karya musu. Yana karyawa kamar mai raba goro,
daidai inda ya ga dama.

Ina ɗalibi, jini na tafasa, na tare shi:
Kawu, mu fa suke yi wa dariya.
Bai ce uffan ba sai da ya gama shan koko.
Je ka sake kallo, in ji shi,
amma ka dubi wanda nake duba.

Na je.
Attajirin fim na ta ihu, tumbi na rawa,
Kawu tsaye kamar turmi,
sai girar ta fara hawa, a hankali,
irin ta mai awo da ya ga an lotsa gindin mudu.
Ɗakin kallo ya ɓarke.
Kowa ya san wane ne wawan.

A Kejetiya babu wanda ya san sunansa.
Mai gadi! Mai gadi!
Masu tumatir na ƙara masa gyara,
yaran toroto ba sa karɓar kuɗinsa
sai dai ya biya da gira.
A fosta kuwa sunansa na can ƙasa,
inda akuya ke fara ci.

Ranar da muka kai shi Tafo ana yayyafi.
Manyan jarumai sun aiko da ambulan, ba su zo ba.
Amma tsohon da ke tsaron maƙabarta
ya leƙa, ya ji ko wane ne,
ya wangale ƙofar duka biyu,
ya cire hula ya ƙame.

Gadona littafi ne ƙarami, da ajami:
sunan fim, abin da aka biya, abin da aka ce za a biya.
Layi na biyun ya fi tsawo.

Jiya na tsaya gaban tsohon madubin, na gwada.
Tare suka tashi, su biyun,
kamar na kowa.