Ciwon Daji

Ƙarfe biyun dare a Ƙofar Sauri,
wuta ta ɗauke, janareto ya yi tari sau uku ya mutu.
Na haska firji da fitilar waya
ina lissafin awa nawa ƙanƙara za ta riƙe
tsokar da muka yanko daga ƙirjin Inna Tabawa.

Sai ga saƙonki, Yarina, daga Harkif:
"Mu ma duhu ne. Na sauko da ƙwayoyin ƙasan bene,
na lulluɓe akwatinsu da rigar sanyina."

Na yi dariya ni kaɗai.
Ke ce dai, wadda ta koya mini riƙon kwalbar gwaji
kamar mai ɗaukar ƙwan zabo,
wadda ta ci yajin da Gwaggo ta aiko mini
har hawaye, ta ce a ƙara.

Ran da sama ta fara aman wuta
na shiga jirgin ƙasa a tsaye, da jaka ɗaya,
takardun karatuna na can cikin aljihun tebur.
Ke kika ce ba inda za ki:
shekara uku kina kiwon waɗannan ƙwayoyi,
kuma ba wanda zai buga musu fasfo.

Ban taɓa gaya miki sunan cutar da harshenmu ba.
Ciwon daji muke cewa.
Daji kuwa, a nan, ya daina zama wurin itace.
Daga bayan Batsari Inna Tabawa take zuwa,
allura biyu ta tsallake
don babura sun tare hanya ranar kasuwa.
Daji a gabanta, daji a jikinta,
ta sayar da tunkiya ta zo duk da haka,
da ƙullin gyaɗa, wai na yarinyar ɗakin awo.

Abin da ke ƙarƙashin madubina bai san ana yaƙi ba.
Ɗaya ya zama biyu, biyu huɗu,
jiniya ba ta firgita shi,
ba ya tsayawa jin labarai.
Shi ya sa kika ƙi tsayawa, na sani.

Kin ce maganin da kike gwadawa
ya kashe sha ɗaya cikin ɗari.
Sha ɗaya kacal, kar in faɗa wa kowa.
Na faɗa wa Baba Ɗanjuma mai gadi
da ya shigo da galan ɗin mai na aro.
Ya ce da yayyafi kogi kan cika,
ya ja igiya, firji ya kama gurnani.

Na rubuta miki: mu tamu ta dawo, ku fa?

An yi kiran assalatu a masallacin bayan katanga.
Gyaɗar na kan tebur, ban kwance ba.
Saƙon na nan da alama ɗaya tilo a gefensa,
ina zaune, ina kallo,
yau ni ce mai roƙon ɗaya ya zama biyu.