Zomanyar Ƙofar Marusa

Ranar da Tanimu ya kawo ki cikin kwali,
kin buga ƙafa sau uku, kin shige bayan randa.
Na ce taurin kai ne. Ashe tsoro ne.

Sai na daina kamun kunne.
Kullum bayan la'asar in zauna a ƙasa,
in ƙwanƙwasa kwano sau biyu,
ganyen dankali a tafina, da guntun karas.

Kwana tara hanci kawai kike miƙowa.
Ran na goma kika goga haɓa a yatsana,
wai ni ma na shiga cikin kayanki.

Jiya na makara wajen awo.
Na tarar kin kife kwanon,
kin juya mini baya.
To, Gimbiya, wa ya horar da wani?