Shida Cikin Ɗari

Ofishin lauya na hawa na uku, saman kasuwar kifi,
a Valparaíso, ranar Talata, ana yayyafi.
Mu huɗu muka hau da jiƙaƙƙun takalma.
Ximena ta rungume jakar takardu,
Baltasar na ta goge tabarau marar datti,
Fresia ba ta ce uffan ba tun daga tashar bas.
Ni mai ɗaukar sauti, ni ne kurar baya.

Shekara biyu muna gutsurar burodi ɗaya a bakin teku,
ba wanda ya ƙirga loma.
Yau ga mu gaban Madam Ulloa
mai zobe a babban yatsa,
tana tambayar kowa abin da ya zuba.
Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.
Ximena ta ce labarin nata ne, da gidan da ta jinginar.
Baltasar, kyamara biyu, ɗaya ta sha ruwan gishiri ta mutu.
Fresia, wata goma sha ɗaya a ɗaki mai duhu
tana yanka tana haɗawa
har idonta na hagu ya kama rawa.
Na ce babur ɗin da na sayar,
da kunnena.
Madam Ulloa ta rubuta babur.

Sai ta karanto sakin layi na tara.
Riba, in ji takarda, ita ce abin da ya saura
bayan dillalin fim ya ɗebi nasa,
bayan banki, bayan haraji,
bayan mai gyaran launi na Santiago,
bayan kuɗin jirgi zuwa bukukuwan da aka tafa mana
muka koma masauki muka ci taliya gaya.
Cinikin biri a sama ke nan,
har da hatimi.

Arba'in na Ximena, talatin na Baltasar,
ashirin da uku na Fresia,
bakwai nawa.
Baltasar ya ce a ƙara: in ɗayanmu ya mutu, magada su karɓa.
Nan Fresia ta buɗe baki:
To Don Eleuterio fa?

Muka ji ɗigar ruwa a kan kwano.

Tsohon masuncin da fuskarsa ke kan fosta,
wanda tarinsa ya zauna min a kunne damina biyu,
ya rasu a Yuli, bai ga ko minti ɗaya ba.
Lauya ta ce doka ba ta bin mu komai,
ya sa hannu, ya yafe.
Gaskiya ne. Ni na ara masa biro.
Amma matarsa Orfelina tana ƙarƙashin ƙafafunmu yanzu haka
tana feɗe kifi.

Kowa ya zuba wa lambarsa ido.
Ximena ta cire biyu. Fresia biyu.
Baltasar ya goge tabarau, ya sake gogewa, ya cire ɗaya.
Ni ma ɗaya, kuma ba zan yi ƙarya ba, ya yi min zafi.
Shida nata, shida nawa.
Aka rubuta da hannu a gefen shafi,
muka sa harufan sunayenmu kusa da gyaran.

Shekara uku shiru.
Ximena da Baltasar sun daina gaisawa, sai ta wasiƙar lauya.
Sannan wani gidan talabijin a ƙasa mai ƙanƙara ya saya.
Rabona ya isa tayar baya
ta babur ɗin da ba ni da shi.

Ni na kai wa Orfelina ambulan.
Ta goge hannu a gaban riga, ta ƙirga sau biyu,
ta cusa ƙarƙashin sikeli.
Ta ce, kai ne mai sandar nan mai gashi?
Akwai wurin da yake kiran karensa. Kana da shi?

Sakin layi na goma sha biyu ya ce
kowane sauti mallakar kamfani ne,
ba a bayarwa sai da sa hannun huɗu.
Ban nemi kowa ba.
Daren nan na kwafe mata minti goma sha tara,
har da tarin.