Haruffa Uku a Wutsiyar Suna

A Valdivia ruwan sama ba ya neman izini.
Kwana tara yana dukan kwanon rufi,
kogin Calle-Calle ya cika ya batse,
ni kuwa ina gaban kwamfuta
da wani faifai da na tsinta a kwalin takalman Abelardo,
mahaifina, wanda ko guntun igiya bai taɓa zubarwa ba.

A jikin faifan, da rubutunsa mai karkata hagu:
Eduvigis, gaɓar Niebla, rani.
Eduvigis ita ta haife ni.
Hotonta ɗaya tak ya rage mana, na katin shaida,
ta ɗaure fuska kamar mai bin bashi.

Na zura faifan. Ya yi gurnani, ya yi tari, ya buɗe.
Fayil ashirin da huɗu a jere,
kowanne da haruffa uku a wutsiyar sunansa:
pcd.
Na danna na farko.
Kwamfuta ta ce ba ta san shi ba,
har tana tambayata da me za a buɗe shi,
sai ka ce ni na ƙera ta.

Na goge haruffan, na rubuta jpg a gurbinsu.
Canja wa tuwo suna.
Ta leƙa ciki ta ce ya lalace.
Gabana ya faɗi.
Na mayar masa da sunansa hannuna na rawa,
ina ba shi haƙuri a zuci.

Millaray, 'yar ƙanena, ta shigo rigarta tana ɗiga.
Ta ce, Goggo, lafiyarsa ƙalau,
yare yake yi wanda aka daina ji.
Shagunan wankin hoto suka yi yayinsa
tun ba a haife ni ba.

Manhaja ta farko ta nemi kuɗi.
Ta biyu ta shigo da tarkacen talla, ta ƙi fita.
Ta uku ta buɗe shi, amma ɗan mitsitsi,
bai fi kan sarkin wasiƙa ba.
Da ta ja shi ya faɗaɗa sai ya rarrabe gida-gida,
teku da dutse da mutum
duk suka koma ramukan dara.
Ta ce babban yana nan ciki,
kamar kwano a cikin kwano,
mu ne dai ba mu da hannun ciro shi.

Muka haura wurin Don Rosamel mai gyaran rediyo.
Ya yaye zane daga kan wata kwamfuta mai ƙaton ƙeya,
ya hure mata ƙura.
Da tsohuwar zuma ake magani.
Minti huɗu tana miƙa kafin ta farka.

Hoton ya fara saukowa layi bayan layi:
sama, fari fat, haske ya ƙone shi,
sai bakin tsohuwar ganuwa,
sai wani abu ja-ja, dunƙulalle,
ya cinye rabin komai.

Millaray ta ce launi ne ya rikice.
Don Rosamel ya gyara zaman tabarau,
ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashi,
ya ce a'a. Yatsa ne.

Yatsan mahaifina a kan idon kyamara.
Cikin ashirin da huɗu, ya fito a goma sha tara.

A na goma sha ɗaya,
can ƙarƙashin inuwar yatsan,
ga haɓa, ga gashi iska ta watsa,
ga baki a wangale da dariya,
ga wushiryar da na manta tana da ita.
Idanun suna bayan yatsa.
Na san wa suke kallo.

Millaray ta adana shi kashi uku, iri uku,
don gudun ranar da wannan yaren ma zai mutu.
Ta ce tana iya yanke yatsan, aikin minti ɗaya ne.

Na ce bar shi.
Ba ni da wani hoto da suka fito tare.